Rashin Sani Kaza Ta Kwana Kan Dami: Jawabi Kan Gwanjon Zanen Katun

Jawabin da aka gabatar a taron ƙungiya na ƙarshen shekara, a nan Abuja



Ran da Sakatare ya kira ni ya ce ana so in yi jawabi a wannan taro, ya ce in zaɓi duk abin da na ga dama. Da na gaya masa zan yi magana ne a kan gwanjon zanen katun, sai ya yi shiru, can ya ce, "Malam, katun dai na yara?" Na ce masa ƙwarai kuwa, shi. Na san da yawa daga cikinku abin da ke ransu ke nan yanzu. Saboda haka ina roƙon dattawa su ba ni aron kunnensu na ɗan lokaci. In na gama kuka ga maganar ba ta shafe mu ba, to, ku ci ni tara. Batun hukuncin zanen abu mai rai kuwa na bar wa malamai, ga su nan zaune. Ni a kan aikin hannu da yadda ake adana shi zan tsaya.

Bari in fara da kalmar gwanjo. Mu a wurinmu, in an ce gwanjo, araha ake nufi: rigunan da ake zubawa a ƙasa a kasuwar Karmo ran Talata, ko tsofaffin motocin ma'aikata da ake kaɗa wa ƙararrawa. To amma akwai wani gwanjon, a biranen Landan da Niyok da Faris, inda abu ba ya zuwa sai in ya yi daraja. Can attajirai ke zama a jere, kowa da lambarsa, wannan ya taya, wancan ya ƙara, har mai gwanjo ya buga guduma. Cikin kayan da ake kaiwa irin wannan wuri har da zanen da aka yi finafinan katun da shi.

Mene ne wannan zane?

Duk wanda ya tashi da kallon Tom and Jerry ko Voltron a NTA ya ga wannan aiki, sai dai bai san yawan gumin da ke ciki ba. Fim, jama'a, hotuna ne tsayayyu da ake gudu da su a gaban ido, guda 24 a kowace daƙiƙa, har ido ya ɗauka motsi ne. A fim ɗin mutane kyamara ce ke ɗaukar hotunan. A katun kuwa, kafin zuwan kwamfuta, sai mutum ya zauna ya zana su ɗaya bayan ɗaya. Yawanci akan ɗauki kowane zane sau biyu, wato zane 12 ke nan a daƙiƙa. Ku yi lissafi da kanku: minti ɗaya zane 720, katun na minti bakwai kuwa ya haura zane 5,000. Wannan fa na dabba ɗaya ke nan. In kyanwa da ɓera ne, aiki ya ƙaru.

Ga yadda ake yi. Babban mai zane zai zana da fensir a kan takarda mai huji a gefe, don a riƙa sa ta a kan ƙusoshi kada ta goce. Daga nan wani ya ɗora wata takardar roba garai-garai, kamar fim ɗin hoton ƙirji na asibiti amma fari tas, ya bi layin da tawada ta gaba. Sai a juya bayanta, wani kuma ya cika da fenti. Wannan takardar roba ita ake kira "sel". Wani Ba'amurke, Earl Hurd, shi ya yi rajistar wannan dabara a 1914. Amfaninta shi ne ba sai an riƙa maimaita zanen ɗaki ko daji ba. Sai a zana dajin sau ɗaya a kan kwali, a riƙa ɗora sel a kai, a ɗauki hoto, a cire, a ɗora na gaba. Saboda haka zanen baya ɗaya kan ɗauki sel masu yawa, shi ya sa ma ya fi wuyar samu a yau.

Daga juji zuwa gwanjo

To, da an gama fim, me ake yi da wannan tarin kaya? Nan ne maganar take. Kamfanoni da yawa ba su ɗauke su a bakin komai ba. Wasu sukan wanke fentin su sake amfani da robar. Wasu su zubar a juji don ɗakin ajiya ya cika. Kamfanin Disney ya ɗan fi su wayo: bayan fim ɗin Snow White na 1937, ya ba wani ɗakin nunin zane a San Francisco, Courvoisier, izinin sayar da wasu daga 1938. Daga baya, a shekarun 1950 da 1960, an riƙa sayar da su ga 'yan yawon buɗe ido a Disneyland a kan dala ɗaya ko 'yan daloli, kamar tsarabar yara.

Akwai wani tsohon ma'aikacin Disney, John Basmajian, wanda ya riƙa tsince waɗanda za a zubar yana kaiwa gida. Shekaru suka wuce. A watan Disamba na 1984 gidan gwanjo na Christie's a Niyok ya yi gwanjon kayansa, kuma daga ranar ne idon mutane ya buɗe. A 1989, a wannan gidan gwanjo dai, aka sayar da zane ɗaya tak, baƙi da fari, daga katun ɗin Orphan's Benefit na 1934, a kan dala 286,000. Ku lissafa wannan da canjin yau a Zone 4, ku ga ko gida nawa zai saya a Kubwa.

Me ya kawo wannan tsada? Abu biyu. Na farko, an zubar da mafi yawansu, saura kaɗan. Na biyu, an daina yi. The Little Mermaid na 1989 shi ne babban fim na ƙarshe da Disney ya yi da sel mai fentin hannu, daga 1990 kwamfuta ta karɓi aikin fenti. A Japan ma, wani daɗaɗɗen shirin talabijin, Sazae-san, shi ya rage yana riƙe da tsohuwar hanya, shi ma ya bari a 2013. Rijiya ta ƙafe, sai ruwan da aka riga aka ɗiba. Wanda ya zuba nasa a randa ya rufe, shi ne yau ake bi da kuɗi.

Namu na gida

Wani zai ce, to ai wannan harkar Turawa ce, ina ruwan Bahaushen Gwagwa ko na Nyanya? Bari in tambaye ku. Wa ya taɓa jin sunan Moustapha Alassane? Ku ɗaga hannu. Kun gani ko?

Wannan bawan Allah mutumin Nijar ne, an haife shi a N'Dougou a 1942. Bakanike ne tun farko. Tun yana yaro yake yanka kwali yana haska fitila a bayansa, yana nuna wa mutanen garinsu inuwar dabbobi, irin dai majigin da iyayenmu suka sani. A Yamai ya haɗu da Jean Rouch, Bafaranshen nan mai ɗaukar fim, daga nan ya je Kanada ya ƙaro sani wurin Norman McLaren, wanda gwani ne a zane mai motsi. A 1965 ya fito da katun ɗinsa La Mort de Gandji, a 1966 kuma Bon Voyage Sim, labarin shugaban ƙasar kwaɗi da ya tafi ziyarar aiki maƙwabta, ana ta faretin sojan kwaɗi da jiniya da gaisuwar ban girma. Wajen minti biyar ne kacal, amma duk wanda ya taɓa tsayawa a rana a kan titin filin jirgin sama yana jiran ayarin manya ya wuce, zai gane abin da ake nufi. A 1977 ya yi Samba le Grand da 'yan tsana. Ya kuma yi wani mai suna Kokoa, wato kokawa, irin tamu ta gargajiya, amma dabbobi ne a fage.

Duniya ta san shi a matsayin ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa harsashin katun a Afirka. Kuma ba a Faris ya zauna ba. A Tawa ya zauna, cikin ƙasar Adar, inda ya buɗe masauƙin baƙi ya mai da wani sashe nasa ɗakin aiki. Akwai mutanen Adar a zauren nan, ƙila ma wani ya taɓa wucewa ta ƙofar. Allah Ya yi masa rasuwa a Wagadugu a watan Maris na 2015. Bayan shekara biyu, a 2017, babban gidan adana fasahar zamani na Niyok, MoMA, ya shirya bikin nuna finafinansa. Mutanen Niyok suka sayi tikiti suka shiga kallon kwaɗin mutumin Tawa, mu kuwa da muke jin yaren garin da ya zauna, 'ya'yanmu ba su san da shi ba. Kowane kwaɗo da ya yi tsalle a fim ɗin nan, hannunsa ne ya zana shi. Irin wannan zane ne fa ake buga wa guduma a can.

Kada ku ce sai Nijar. Fim ɗin Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, an daɗe ana zaton ya ɓace. Sai a 2016 aka gano gwangwanayensa a wani tsohon ɗakin ajiyar finafinai a Legas. Da haɗin gwiwar Hukumar Finafinai ta Nijeriya da wata cibiya a Jamus mai suna Arsenal aka gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na Balin a 2018. Da ruwa ya ƙara shekara biyu yana zuba a ɗakin nan, da sai dai labari. A wannan shekara ta 2018 kuma, zanen Ben Enwonwu mai suna Tutu, wanda aka tsinta rataye a wani ɗan gida a arewacin Landan, gidan gwanjo na Bonhams ya sayar da shi a kan fam miliyan 1.2.

Mu dawo nan ƙofar gida. Ku ciro Naira 20 ku duba bayanta. Matar da ke ginin tukunya ita ce Ladi Kwali, mutuniyar Kwali, a cikin wannan yanki namu na Babban Birnin Tarayya. Ta shiga makarantar ginin tukwane ta Michael Cardew a 1954, a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu, ta rasu a 1984. Tukwanenta yanzu dubban fam ake sayensu a gwanjon Ingila. Waɗanda suka saya a hannunta tana raye, suka adana, su ke da su.

Abin da ya same ni

Ban zo nan don in yi wa kowa gori ba, domin ni ma na kwana kan damin. Kawuna, Allah Ya jiƙansa, mai zane ne a Kano. Shi ke zana bayan manyan motoci da allunan shaguna, daga baya da aka shiga yayin littattafan soyayya, a ƙarshen shekarun 1980 zuwa na 1990, marubuta suka riƙa kawo masa aikin bango. Kafin ya yi na gaske sai ya gwada da fensir sau uku ko huɗu, kuma ba ya zubar da gwajin. Da ya rasu aka ba ni akwatinsa na ƙarfe, cike. Na taho da shi Abuja na tura ƙarƙashin gado. Da rusau ya zo unguwarmu a 2006, muka kwashe abin da muke ganin shi ne kaya: katifa, talabijin, injin ɗinki. Akwatin ya kwana uku a fili cikin ruwan sama. Da na buɗe, takardun sun manne sun zama dunƙule. Ɗan abin da ya tsira, yara suka kai wa mai ƙosai ta naɗe ƙosai da shi. Yanzu zane biyu kawai suka rage mini, ga su nan na zo da su, bayan taro kowa ya gani.

Alhali kuwa a Jami'ar Landan, a makarantar SOAS, Farfesa Graham Furniss ya tara ɗaruruwan irin waɗannan littattafai namu, an jera su, an yi musu rajista. Ɗalibi daga Kano kan nemi biza ya je ya duba abin da aka buga a Kano.

Mu mazauna Abuja wannan haɗari ya fi kusa da mu. A gida akwai ɗakin kaka, inda kaya kan shekara arba'in ba wanda ya taɓa. Nan kuwa haya ce, bana Mabushi, baɗi Mararraba, kuma kowace ƙaura sai an rage kaya. Takarda ita ake fara yarwa.

Ga mai son saye

Na san akwai 'yan kasuwa a cikinmu da tuni suka fara lissafi. Yanzu gidajen gwanjo irin su Heritage Auctions na Dallas suna karɓar tayi ta intanet, kana zaune a Wuse za ka iya tayawa. To, ga gargaɗi.

Na ɗaya, ba kowane sel ne aka yi fim da shi ba. Akwai na asali, wanda ya shiga gaban kyamara. Akwai wanda kamfani ya sa aka sake fentawa daga baya don sayarwa kawai. Akwai kuma wanda inji ya buga dubbai. A hoto duk kama ɗaya suke, a kuɗi kuwa tsakaninsu kamar zinariya da gwal ɗin roba ne. Na asali yakan zo da hujin ƙusoshi da lambar jeri a gefe, in kuwa yana tare da ainihin zanen bayansa, shi ne ya fi kowanne tsada.

Na biyu, ka nemi tarihin kayan: daga hannun wa ya fito, wa ya saya bayansa. Kada ka yi cinikin biri a sama.

Na uku, kuɗin da aka buga guduma a kai ba shi ne ƙarshe ba. Gidan gwanjo na ɗora la'adarsa a kan mai saye, kashi ɗaya cikin biyar, wani wurin har ta haura kashi ɗaya cikin huɗu. Ga kuɗin aikowa, ga inshora, ga kwastan, duk da kuɗin waje. Ka yanke iyakarka tun kafin a fara, domin zafin tayi kan sa mutum ya manta da aljihunsa.

Na huɗu, sayen zane bai ba ka ikon buga shi a riga ko a littafi ba. Takardar taka ce, haƙƙin mallaka na mai shi ne.

Na biyar, farashi na hawa yana sauka. Kada kowa ya taɓa kuɗin makarantar yara ko jarin shago don wannan.

Amma shawarata ta gaskiya ita ce, kafin ka tafi Dallas neman ɓeran Amurka, duba kusa da kai. A nan Abuja Adamu Waziri ya ƙirƙiro katun ɗin yara Bino and Fino, wanda ya fito a 2010. A nan Mustapha Bulama ya yi suna da zanen barkwanci a jaridar Daily Trust. Bayansu akwai samari da yawa a unguwanninmu masu zanen allo, masu zanen bangon littafi, masu koyon katun a kwamfuta, kuma da yawansu da fensir suke farawa. Ka sayi gwajin fensirin nan a hannun mai shi yana raye, ka biya shi da daraja, ka sa ya sa hannu ya rubuta kwanan wata. Ka taimaki yaro, ka kuma ajiye tarihi.

Yadda ake adanawa

Maƙiyan takarda da sel a ƙasar nan sanannu ne: zafi, laima, rana, gara da kyankyaso. Damina kan sa su yi fumfuna, hunturu kan sa fenti ya tsage. Ku ajiye su a kwance, kada a naɗe, kada a ninke, a sa farar takarda tsakanin kowane biyu. Kada a rataye inda rana ke bugawa. Kada a sa a ƙasa, ko a jingina da bangon da ke tsattsafo. In ka buɗe ajiyar sel ko tsohon fim ka ji tsami kamar na ruwan kal, robar ce ta fara ruɓewa, sai a ware shi daga sauran a bar shi ya sha iska. Abu mafi muhimmanci, don Allah kada a kai wa masu laminetin. Mun saba yi wa takardun makaranta, amma zane in aka manne shi da zafi cikin leda, an kashe shi, ba mai saye, ba mai iya gyarawa. Kada a sa salatif. A bayan kowanne a rubuta da fensir, ba da biro ba: wa ya zana, a ina, wace shekara. A ɗauki hotonsa da waya, amma hoton ba zai maye gurbin na asali ba.

Roƙona ga ƙungiya

Ranka ya daɗe, ina da buƙata uku. Ta farko, a naɗa mutum uku, cikinsu har da mace ɗaya da matashi ɗaya, su bi gida-gida su rubuta abin da ke hannun mutane: zane, tsofaffin hotuna, fastocin finafinai, bangon littattafai, wasiƙun ajami. Ba karɓa za a yi ba, rubutawa kawai. Ta biyu, a sayi kabad ɗin ƙarfe ɗaya mai makulli a ofishin ƙungiya, don wanda zai yi ƙaura ya kawo ajiya, a ba shi rasit. Abin da ya fi ƙarfinmu a nemi shawarar Gidan Arewa a Kaduna, ko Hukumar Adana Zane-zane ta Ƙasa da ke nan Abuja. Ta uku, a taron baɗi a ware awa ɗaya a nuna wa yaranmu Bon Voyage Sim, sannan a yi ɗan gwanjon zanen yaran da kansu, iyaye su taya, rabin kuɗin na mai zane, rabi na asusun karatu. Yaron da ya ga Alhaji ya taya zanensa Naira 5,000 a gaban jama'a, ba zai ƙara yarda a naɗe ƙosai da aikinsa ba.

Hausawa sun ce ajiya maganin wata rana. Yau in kun koma gida, kafin ku kwanta, ku jawo akwatin da ke ƙarƙashin gado ku buɗe. In kun sami wani abu, ku gaya wa Sakatare.